Gambar da Na Matsar

Bana da bazara aka zo aka kafa turakun siminti a gonakin da ke kewaye da tawa. Wasu samari ne suka zo a kan babura, da igiyar awo da wata na'ura mai ƙafa uku, suka yini suna leƙe-leƙe, kafin la'asar kowace gona ta samu duwatsunta huɗu masu lamba. Babban ɗana, wanda ke koyarwa a Gaya, ya ce ni ma in bari a tuge gambar da ke gefen gabas a kafa siminti, wai ciyawa ba ta zama shaida a gaban hukuma. Na ce masa sauran gefunan uku ya kafa abin da ya ga dama, ko da ƙarfe ne, amma gefen gabas sai bayan raina. Ya yi min irin kallon da yara ke yi wa tsoho idan suna zaton ya fara rikicewa. Ban yi masa bayani a ranar ba. Yanzu da ƙafa ta ƙi, zama ya yi yawa, gara in faɗa tun bakin yana motsi.

A zamanin da muka taso a ƙauyenmu na wajen Balan, ba wanda ya san wani abu wai shi takardar gona. Gamba ce iyaka. Kakanka ne ya dasa ta a jere tsakaninsa da maƙwabcinsa, ita kuwa ba ta mutuwa; rani ya busar da ita ƙayau, ruwan farko na sauka ta sake tofowa. Da kaka, idan ta yi tsawo ta shige kan mutum, masu gonakin biyu su yanke ta tare su raba, kowa ya je ya saƙa zanansa ya gyara dangar gidansa. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar da take yi in iska ta ratsa ta da hantsi, da kukan kurciya a kan gawo, da amon gangar noma daga wata gona can nesa inda ake gayya. Mata su taho a jere da ƙoren fura a ka, mu kuwa da mun hango su sai garma ta ƙara sauri, kowa na so a tarar da shi a gaba. Ba mu da agogo, inuwar mutum ce ke faɗa masa azahar ta yi. In ka gaji ka jingina garma ka ƙwala wa maƙwabcinka kira, ya tsallako gambar ku zauna ku sha daga ludayi ɗaya. Yau gonakin an tsattsaga su ƙanana-ƙanana, gangar noma ta koma gidan biki, kuma in ka ga mutum biyu a bakin iyaka, to awo suke yi.

Mahaifina ya rasu ina da shekara ashirin da 'yan kai, ya bar min gona da mahaifiya da amaryar da ya yi min. Ƙarfi kuwa Allah ya ba ni, ba yabon kai ba. A wajen gayya ba a cika wuce ni ba, makaɗa sun san sunana, kuma ba abin da ke lalata saurayi irin ya ji ganga na kiran sunansa a gaban 'yan mata. Kaina ya kumbura, na fara ganin gonar da ubana ya ci da mu shekara da shekaru ta yi min kaɗan.

Maƙwabcinmu na gabas shi ne Baffa Hamidu, Bafulatanin da iyayensa suka ajiye sanda suka kama noma. Aminin mahaifina ne, shi ya sa nake ce masa Baffa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, 'ya'yansa duk mata ne kuma an aurar da su, daga shi sai matarsa Goggo Dije. A wata damina kurkunu ya kwantar da shi. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sa su san shi: tsutsa ce da ke fitowa a ƙafa, sai an riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma ba ta tashi fitowa sai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Baffa ya yi wata biyu bai taka waje ba. Ni na shiga gari na tara samari muka yi masa huɗa kyauta, gari ya ɗauka da yabona, tsofaffi suna cewa marigayi ya haifu. Kashegari da sassafe na koma ni kaɗai da hauya, ƙasa na da laima, na tuge gambar gindi-gindi na mayar da ita gaba, kunyoyi uku cikin gonar Baffa. Na daddanne saiwar da ƙafa, ruwa ya sauka da yamma ya share sawuna. Kafin mako biyu ta kama ta yi kore shar, kamar a nan aka haife ta.

Abin da na manta da shi ɗan gawo ne. Wani ɗan tsiro ne da bai kai gwiwa ba, Baffa ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su ci. Ranar da ya fara dogara sanda ya zo gona, ya tarar da gawonsa a cikin gonata. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya kira ni.

"Ɗana, gamba ta yi tafiya."

"Gamba ai ba ta da ƙafa, Baffa."

"Shi ya sa nake tambayar ka. Mayar da ita inda ubanka ya bar ta, magana ta mutu a nan, daga ni sai kai."

Da na sunkuyar da kai a lokacin, da ba ni da labarin da zan ba kowa yau. Amma akwai samari biyu a gonata suna ji, kuma jiya-jiya ake yabona a gari. Na ce ni ban taɓa komai ba, ciwo ne ya sa ya manta iyakarsa. Magana ta kai gaban dagaci. Aka tambayi Baffa shaidu, ya ce shaidarsa ɗaya ce kuma tana kabari, yana nufin mahaifina. Akwai wata shaidar da bai ambata ba, mahaifiyata, wadda ta yi shekara talatin tana kai abinci wannan gona, ta san kowane gindin gamba. Bai kira ta ba, don ba a sa uwa ta tsaya a kan ɗanta. Dagaci ya ce tunda mai ƙara ba shi da shaida, sai wanda ake ƙara ya rantse.

A wancan zamani rantsuwa da izu sittin ba abin wasa ba ce. Yanzu yaro zai rantse maka sau goma kafin ya sayar maka da buhun taki, ko gezau. A da, in aka ce yau za a yi rantsuwa a masallaci, gari kan yi tsit. Mata su janye 'ya'yansu cikin gida, masu awaki su ɗaure, kowa ya yi imani wanda ya dafa a kan ƙarya ba ya ganin damina ta gaba, ko gobara, ko hauka, ko wani ciwon da ba a san kansa ba. Ni ma na san haka. Sai dai ina da wata dabara a raina wadda nake ganin ta fi ta kowa. Na taɓa ji a wajen karatu cewa wanda ya yi rantsuwa ya karya, sai ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan ya wanke. Na lissafa a zuciyata cewa kunyoyi uku za su ba ni abin da ya fi tuwon mutum goma tun a shekarar farko. Da wannan ɗan guntun karatun na yi alwala na shiga masallaci bayan la'asar.

Liman ya fito da Littafin Allah a cikin gafakarsa ta fata, ya riƙe da hannu biyu. Mutane suka ja da baya. Ina miƙa hannu sai na ji muryar Baffa, a karo na farko da na taɓa jin ya ɗaga ta.

"Tsaya! Allah gafarta Malam, a mayar da shi. Na bar masa. Na bar masa duniya da lahira, kada ya dafa."

Dagaci ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ƙofa ce aka buɗe min, ba abin da ya rage sai in fita. Amma na duba na ga idanun mutane, na san in na karɓi wannan kyauta, kowa zai ce tausayina aka ji don an san ƙarya zan yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a bar min abin da yake nawa. Sai na rantse." Na ɗora hannuna na dama a kan gafakar, na faɗi abin da Liman ya ce in faɗa, kalma bayan kalma. Fatar tana da sanyi, wannan na tuna. Baffa ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Aka zuba ido a ga abin da zai same ni. Kwana arba'in suka wuce ko ciwon kai ban yi ba. Kaka ta zo na cika rumbu har na gina wani. Sai magana ta juya: ashe tsohon nan ne maƙaryaci, shi ya sa ya yi saurin janyewa da ya ga za a dafa. Aka daina kiran sa shaidar ɗaurin aure. In ana raba gardama ya sa baki, sai wani ya yi tari, wani ya kau da kai. Yara suka laƙaba masa suna, in ya wuce su ce ga mai gamba. Bai taɓa tanka wa kowa ba, kuma bai daina amsa gaisuwata ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.

Bayan an gama sussuka na je wajen Liman da dabarata, na same shi a zaure yana gyara alƙalami da wuƙa. Na ce wani abokina ne daga wajen Ajingi ya aiko ni da tambaya: mutumin da ya yi rantsuwa a kan abin da ya san ba haka yake ba, miskinai goman nan tuwo za a ba su ko tsaba?

Liman ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Ciyarwa ta wanda ya rantse zai yi abu ne gobe, sannan ya kasa. Wanda ya san gaskiya, ya dafa Littafi ya faɗi akasinta don ya ci haƙƙin wani, wannan ba ta da kaffara. Ko garin nan kaf ya ciyar, ba ta goge ta. Ta fi ƙarfin tuwo. Irinta ce ke dulmiya mai ita a wuta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji yana cewa, "Zauna mana, ai ban gama ba," amma na riga na kai ƙofa, na ce abokin nawa na jira na. Daga ranar na yanke wa kaina hukunci cewa tawa ta ƙare. Kwanakin baya wannan ɗan nawa malamin makaranta yana karanta min a wayarsa cewa akwai wasu masu addini a can ƙasar Amurka da suka yi imani akwai zunubin da ba a yafe shi har abada, wai na mutumin da gaskiya ta bayyana masa sarai, sannan ya tsaya da gangan ya musanta ta. Shi labarin ban mamaki ya ɗauke shi. Ni ban san addinin mutanen nan ba, ba kuma zan yi musu fassara ba, amma na san yadda ake kwana a tashi da wannan tunani, don na yi shekara bakwai a cikinsa. Ban bar salla ba, saboda idon mutane, sai dai in an ɗaga hannu ana addu'a nakan roƙa wa 'ya'yana da mahaifina, in tsallake kaina. Ina ganin rashin ta ido ne wanda ya yi abin da na yi ya buɗe baki ya ce a gafarta masa. In matata ta hura wuta a murhu na ga kara yana ci, sai in tashi in bar wurin. Gangar noma ma ta daina yi min daɗi, na daina zuwa gayya, mutane suka ce girma ne ya zo min da wuri.

Mahaifiyata ba ta taɓa yi min maganar ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta yi min faɗa. Abu ɗaya kawai ta yi. Shekarar farko da aka kawo dammuna gida, ta tsaya a bakin rumbu ta ce wa matata, ba ni ba, "Na gefen gabas a ware shi daban. Kada a sa min shi a tukunya." Haka aka yi ta yi duk shekara. Ko da shekarun fari suka zo, gero ya bushe a tsaye, shanu suna faɗuwa a hanya, muna cin abin da a da ko awaki sai sun ga dama, ba ta yarda ta ci ƙwaya ɗaya daga kunyoyin nan ba. A cikin farin ne Baffa Hamidu ya bar gonarsa a hannun wani ɗan ɗan'uwansa, ya ɗora kayansa a jaki, shi da Goggo Dije suka koma wajen surukinsu a Gafasa. An ce yunwa ce ta kore shi. Ai yunwar kowa ta sama, kuma ba kowa ne ya tashi ba.

Da ciwon ajali ya kama mahaifiyata, ta yi abin da mutanen da suke yi, wanda yanzu ya yi wuya. Ta sa aka kira mata maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da wadda suka taɓa yin cacar baki a bakin rijiya shekara ashirin da suka wuce, kowacce ta ce mata ki yafe ni, a yi kuka a rabu. Ni ne na ƙarshe. Da hantsi ne, tana kwance a kan tabarma ta juya fuska wajen bango, don ko a lokacin ba ta iya kallon idona.

"Kai," ta ce, "nonon da ka sha na yafe. Duk abin da ka yi min na yafe. Saura mutum ɗaya da ban samu ba, ƙafata kuma ba za ta kai ni ba. Na san inda gambar take, na yi shiru. Ka je ka roƙar min Hamidu."

Kwana biyu bayan nan ta cika. Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai na shiga ramin ba, har da ita na ja. Bayan sadakar bakwai na koma zauren Liman, ya tsufa ƙwarai, na durƙusa na ce babu wani aboki daga Ajingi, ni ne.

"Na sani tun ranar," in ji shi. "Shekara bakwai ina jiran ka dawo ka ji ƙarshen magana. Na ce ba ta da kaffara, ban ce ba ta da tuba ba. Wa ya gaya maka akwai laifin da ya fi rahamar Ubangiji girma? Muddin rai bai zo maƙogwaro ba, ƙofa a buɗe take, har ga wanda ya yi shirka in ya dawo. Wannan ɗebe tsammanin da ka zauna a ciki, shi ma laifi ne, kuma ba ƙarami ba. Amma ka ji da kyau. Abin da ke tsakaninka da Allah, ka yi nadama ka roƙe Shi. Abin da ke tsakaninka da Hamidu, Allah ba Ya shiga sai Hamidu ya yarda. Tashi ka tafi tun yana numfashi."

Na ari keke na kama hanyar Gafasa da bazara, rairayi na cin taya, rabi a kan keke rabi ina turawa. Na same shi a gindin tsamiya a ƙofar gidan surukinsa yana tufkar igiya. Idanunsa sun yi fari, amma ina yin sallama ya ambaci sunan mahaifina, ya ce muryar iri ɗaya ce. Ya sa aka kawo min ruwa, ya yi min gaisuwar rashi, ya tambayi mutanen gari gida-gida. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na fara da saƙon mahaifiyata.

"Ita ai ba ta yi min komai ba," ya ce. "Uwa ce. Na yafe mata, Allah ya haskaka kabarinta."

"Saura ni, Baffa. Ni na matsar da gambar. Na rantse a kan ƙarya. Ka yafe min don Allah."

Hannunsa bai daina murza igiyar ba.

"Ƙasar ai na bar maka tun a masallaci, a gaban kowa, ba na komawa kan kyautata. Ba ita ka ɗauka ba, ɗana. Na shekara sittin a garin can ba wanda ya taɓa cewa na yi ƙarya. Yau jikokina in sun je can, jikokin mai gamba ake ce musu. A nan gindin tsamiya ka zo ka faɗa, daga ni sai kai sai akuya. A nan ka ɗauka? Koma inda ka ɗauka ka ajiye. In ka yi, ka dawo mu yi magana."

Na ce to. Na hau keke da niyyar in yi a Juma'ar nan. Amma da na shigo gari na ga mutane suna gaishe ni da girmamawa, wasu har suna kawo min ƙara in raba musu, sai na fara jan ƙafa. Na ce wa kaina ai gamba ba ta dasuwa da rani, bari ruwa ya sauka in haɗa duka biyun rana ɗaya. Hujja ce mai kyau, kowane manomi zai yarda da ita, ni kuwa na san tsoro ne. Haka na ci wata biyu.

Ruwa ya sauka ranar wata Laraba. Alhamis na kira ɗan ɗan'uwan Baffa, yana tsaye yana kallo na tuge gambar na mayar da ita bayan gawon, wanda a lokacin ya fi ni tsawo. Juma'a bayan la'asar, mutane sun dawo daga masallacin Juma'a an cika masallacinmu, Liman na sallamewa na miƙe. Na ce, "Jama'a, ku tsaya ku ji. Rantsuwar da na yi a nan wurin ƙarya ce. Ni na matsar da iyaka lokacin da Baffa Hamidu ke kwance. Bai taɓa yin ƙarya ba, ni ne maƙaryacin." Wani tsoho a sahun gaba, wanda ya fi kowa yi wa Baffa tari, ya fashe da kuka. Na fita ba wanda ya ba ni hannu sai Liman, kuma an yi shekaru kafin a sake kira na shaidar wani abu. Duk da haka, a hanyar gida na ji iska tana shiga ƙirjina har ƙasa, abin da na manta yadda yake. A sallar magariba ta ranar na ɗaga hannu na roƙa wa kaina.

Shuka ta riƙe ni kwana goma sha biyu, don ƙasa ba ta jira. Ina gamawa na kama hanyar Gafasa. Tun daga nesa na ga ba kowa a gindin tsamiya. Goggo Dije ce ta fito zaure da mayafin takaba, ta ce yau kwanansa huɗu da rasuwa.

Na zauna a ƙasa. Na tambaye ta ko labari ya iso shi.

"Ya iso. Wani mai sayar da kanwa ne ya jiyo a kasuwar Gaya ya kawo. Sau uku ya sa mutumin ya maimaita masa, yana cewa, a cikin masallacin? A gaban kowa? Sannan ya ce in ɗauko masa farar rigarsa da hula. Ya yi wata guda bai fita ba, amma ranar sai da aka riƙe shi ya je ya yi la'asar a cikin mutane."

"Goggo, ya ce ya yafe min?"

Na ga tana so ta ce e, kuma da ta faɗa da na karɓa da gudu. Amma matar Baffa ce.

"Ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba, ɗan nan. Ya yi ta tambaya ko ka iso. Kullum sai ya sa an ajiye fura, wai kana hanya. Abin da ya ce in gaya maka in ka zo bai gan ka ba, shi ne ka daddanne gindin gambar da kyau, don wadda aka tuge sau biyu ba ta cika kamawa ba. Ni dai nawa kason na yafe."

Na kai wa Liman wannan magana na ce ya fassara min. Ya ce mutumin da ke ajiye maka fura ba ya riƙe da kai a zuci, in kyautata zato. 'Ya'yan Baffa mata ma duk na bi su gidajensu, kowacce ta ce ta yafe. Na karɓa, na gode, kuma ina sa rai ga rahamar Allah, ban sake komawa cikin wancan duhun ba. Amma kalmar nan guda da na je nema, wata biyu na tsoron idon mutane da kwana goma sha biyu na shuka suka hana ni jin ta daga bakinsa. Na sha zama in lissafa kwanakin nan, ba su taɓa canjawa ba.

Yau duk waɗanda suka ga rantsuwar sun tafi, Liman da dagaci da Goggo Dije da samarin da muka yi huɗa tare. Gawon ya zama ƙaton itace, jikokin Baffa ne ke noma ƙarƙashinsa, kuma ba wanda ya san an taɓa ce musu wani suna. Ranar da za a ɗauke ni, na san liman zai juya ya ce jama'a a yafe masa, za a amsa an yafe, murya ɗaya ce ba za ta kasance a wurin ba. Shi ya sa duk shekara in ruwan farko ya sauka nake sa a ɗora ni a bayan babur a kai ni gefen gabas. Nakan sauka in dogara sanda in bi layin gindi-gindi, ina daddannawa da ƙafar da ta rage min. Bana ma na je. Ta tofo.